Shatin da Na Gani a Wuyan Yayata

Ni na wanke gawar yayata, ni da wata dattijuwa maƙwabciyar Innarmu. Da hantsi aka tsamo ta daga babban kanal ɗin da ya ratsa bayan ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure, ta maƙale a bakin kwalbati. Mijinta ya ce abinci ta tafi kai masa gona santsi ya kwashe ta. Kowa ya yarda, don ba ita ce ta farko da ruwan nan ya ci ba.

Da muka cire mata ɗankwali muka juya ta, sai na ga shatin yatsu a wuyanta, ya yi baƙi ta gefe da gefe. Na dubi dattijuwar, ita ma ta dube ni. Ta ja zane ta rufe wurin, ta ce in miƙo mata ruwan magarya. Haka muka gama, aka sa ta a likkafani, maza suka ɗauka. Mijinta na gaba-gaba yana share hawaye.

Ba bare ba ne. Ɗan Kawu ne, wato ɗan yayan Inna, kuma taubashina, wanda tun muna yara muke tsokanar juna. Yaya ta sha zuwa gida da kumburarriyar fuska, Inna ta ba ta haƙuri ta mayar da ita, wai kada zumunci ya lalace. Da aka watse daga zaman makoki na sami Inna a ɗaki na faɗa mata abin da na gani. Ta daɗe tana jan carbi kafin ta ɗago.

"Na rasa 'ya, so kike in rasa ɗan'uwa? Ki rufe bakinki, an riga an binne."

Maigidana ma cewa ya yi ba ni da shaida. Na koma wajen dattijuwar, ta ce idonta ya yi rauni, ba ta ga komai ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kullum Inna sai ta aika masa da abinci, wai ba shi da mai dafa masa, ga 'yar ƙaramar yarinyar da Yaya ta bari. Wata rana ta sa ni in zuba. Ina tsaye a madafa da kwanonsa a hannu, ga kwalbar maganin feshin tumatir a kan katanga, hannu kawai zan miƙa. Na daɗe ina kallonta. Ba tausayi ne ya hana ni ba. Na tuna in ya mutu za a yi masa salla, a taru ana cewa mutumin kirki ne, Inna ta yi masa kuka. Ban so ya samu wannan ba. Na rufe kwanon na bayar aka kai.

Sana'ata turara shinkafa, kuma duk matan da ke fita tsinkar tumatir da rani na san su, wajen shanya muke haɗuwa. Ban taɓa cewa ya kashe ta ba. Mace ɗaya nake samu, muna baza shinkafa a kan leda, in ce mata ni na yi wa Yaya wanka, na ga shatin yatsu a wuyanta, Allah ne masani. Sai in ci gaba da aikina. Wata ta yi salati, wata ta kau da kai. Gobe in sami wata.

A shekarar nan duk ƙarfinsa ya zuba a tumatir, kuma ya yi kyau, har ana zuwa kallo. Da ya nuna ya aika a zo tsinka, ba matar da ta je. Wannan ta ce ɗanta ba lafiya, waccan ta ce an riga an ɗauke ta wata gona. Ya ɗauko wasu daga Madobi a adaidaita sahu, suka yi wuni guda, labari ya iske su, ba su dawo ba. Shi da ƙannensa suka tsinki abin da suka iya, sauran ya ruɓe a tsaye. Na bi ta hanyar gonar takanas, warin ya dake ni tun daga nesa, na tsaya na shaƙa sosai.

Bayan nan na ji yana neman aure a Kadawa. Na ɗauki shinkafa kamar mai talla na je gidan, na zauna da uwar yarinyar, na faɗa mata abin da nake faɗa wa kowa. Aka mayar masa da kayansa.

Ya tare ni wata rana bayan azahar, ina dawowa daga injin casa ta hanyar bakin kanal. Ya gitta babur ɗinsa a gabana ya kashe. Ruwa ya cika taf, yana gudu da ƙarfi, ga ba kowa a gonaki saboda rana. Ban ja da baya ba.

"Ke ce kike bi gida-gida ko?"

"Ni ce."

Ya sauko ya matso har ina jin warin guminsa. Ya dubi ruwan, ya dube ni.

"Ita ma bakinta ne ya ja mata. A nan ta tsaya tana faɗa mini magana."

Ban san me zai yi ba, har yau ban sani ba. Sai muka ji motsin ƙwarya. Wata Bafulatana mai tallan nono ce zaune a inuwar darbejiya ƙasan gangaren, ta sauke kayanta tana hutawa, mu ba mu gan ta ba. Ta miƙe tsaye tana kallonsa ido cikin ido. Ya hau babur ya tafi.

Matar nan ba gidan da ba ta shiga a ƙauyenmu. Ban roƙe ta komai ba, ni dai na ce ta raka ni wajen Inna. Ta zauna a tabarma ta maimaita maganarsa kamar yadda ta ji, ba ƙari. Inna ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki mayafi ta nufi gidan Kawu, ta dawo riƙe da hannun jikarta. Kawu ya biyo ta yana rantse-rantse, ta ce masa daga zaure ya koma. Amma da na ce mu kai ƙara, ta ƙi. Ta ce ba za ta bari a tone mata 'ya ba, kuma mijin Bafulatanar ya hana ta zuwa ko'ina ba da shaida.

Kafin damina ya sayar da gonar ya bar gari, don ko a masallaci mutane sun fara barin gurbi tsakaninsu da shi. An ce yana kudu yana dakon albasa. Inna da Kawu ba su ƙara gaisawa ba har Kawu ya rasu, kuma dangi da yawa ni suke ɗora wa laifin raba gida. Ko a biki aka haɗu, akwai waɗanda ba sa amsa gaisuwata.

Yarinyar a hannuna ta girma. Ranar da ta tambaye ni yadda uwarta ta rasu, na zaunar da ita na faɗa mata duka. Inna ta yi fushi, ta ce da na bar yarinya da zuciyarta fes, ta ce ko don azumi da ke tafe in yafe, in bar shi da Allah. Na ce mata na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Direbobin da ke lodin albasa a Kura sun san ni. Duk wanda ya dawo daga kudu ina tambayarsa ko ya gan shi, a wace kasuwa, a wace unguwa yake kwana. Kwanan baya wani ya ce mini ya koma wani gari, har ya fara neman wata bazawara mai sayar da abinci a tasha. Na tambayi direban yaushe zai koma, ya ce jibi. Na ce ya ajiye mini kujerar gaba.