Duna da Masu Durƙusawa

Ranar Laraba ce, kwana uku da kama azumin shekarar da nake aji biyar na firamare, na dawo daga makaranta na tarar da tsakar gidanmu a hargitse. Wata baƙuwa tana zaune dirshan kusa da rijiya, gefen zaninta a yage, kwanon geron da ta kawo ya kife, kaji suna ta wawaso. Karenmu Duna yana gindin darbejiya yana fizgar igiya kamar zai tsinke wuyansa, Baba kuma yana tsaye a kansa da bulala. Bai ciji matar ba, zanin kawai ya kama. Amma ita ce ta uku a wata guda, kuma da na dubi fuskar Dada, mai gidan, na san yau magana ta kai inda za ta kai.

Haya muke yi a gidan Dada a unguwar Shamaki. Mu Tangale ne, Kirista, Baba malamin makaranta ne, ita kuma Dada tsohuwar Bafulatana ce mai 'ya'ya da jikoki a ko'ina cikin Gombe. Kullum tana kan tabarma a ƙofar ɗakinta da carbi a hannu, kuma duk wanda ya shigo sai ya durƙusa ya gaishe ta kafin ya yi wani abu. Ba a saba ganin kare a irin wannan gida ba. Ta yarda ne kawai don an taɓa sace mata tumaki biyu, sai Baba ya karɓo Duna daga wani manomi a Kwadon, inda muke ɗan nomanmu. Ta kafa sharaɗi: ba ya taka ɓangarenta, ba ya kusantar randa, balle butar alwalarta. Ni aka ɗora wa ba shi abinci da wanke kwanonsa, ban kuwa ankara ba sai da ya zama nawa. Baƙi ne wuluk, da tabo a kunnen hagu wanda ya zo da shi, kuma idan na dawo makaranta ya fi kowa a gidan murnar ganina.

Da yammar ranar Dada ta kira Baba. Ina wanke-wanke a bakin rijiya, na rage ƙarar kwanuka don in ji. Baba ya ba da haƙuri, ya ce zai riƙa kulle karen a ɗaki idan za a yi baƙi, ita kuma ta ce gidanta ba shi da ranar baƙi, kullum ne. "Malam, na ba ka zuwa Sallah," in ji ta. "Ranar jikokina za su cika gidan nan. In har ya tasar wa mutum ɗaya, ka san yadda za ka yi da shi." Na tambayi Mama ko Kwadon za a mayar da shi. Mama ba ta iya ɓoye-ɓoye ba, ta ce mini karen da ya fara kama mutane babu manomin da zai karɓa, kashe shi ake yi.

Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne, ba kowa Duna yake wa haka ba. Ɗan garuwa zai shigo da hayaniyarsa ya juye ruwa ya fita, ko kai ba zai ɗaga ba. Mai sayen tsoffin kwalabe zai zo har gindin bishiyar, shiru. Amma bari wata mai kunya ta shigo da sallama a hankali, nan take zai zabura. Mama takan ce, "Wannan kare dai ba ya son masu tarbiyya." Maƙwabta suka ce aljani ne a jikinsa. Baba kuwa abin da ya sani a aji shi ya kawo gida, duk haushi ɗaya bulala ɗaya, har ta kai Duna yana jin sallama sai jikinsa ya hau rawa.

A filin makaranta na gano bakin zaren. Muna 'yar carafke a inuwa lokacin tara, sai ga wani karen bola ya nufo wajen masu sayar da awara. Wani yaro ɗan aji shida ya sunkuya kamar zai ɗauki dutse. Babu komai a hannunsa, amma karen ya kwasa da gudu yana kuka. Duk ɗan unguwa ya san wannan dabara, ni ma na sha yi. Sai na tuna tabon kunnen Duna, na tuna yadda yaran Kwadon suke jifan duk karen da ya ratsa gona. Duwatsun wasan suka zube daga hannuna. Ashe duk mai durƙusawa gaban Dada, a wurin Duna mai ɗaukar dutse ne, mu kuma muna ƙara masa da bulala don ya tabbata haka abin yake.

Na faɗa wa Baba, sai ya rataye bulalar a bayan ƙofa ya ce in gwada abin da zan iya. Na roƙi Hauwa, jikar Dada, sa'ata kuma abokiyar faɗana, ta taimaka. Ta ce ko kusa da miyan kare ba za ta je ba, na ce nesan ma nake so. Kullum bayan na share tsakar gida na cika randa, sai in ja layi da gawayi can bakin zaure, Hauwa ta tsaya a kai ta durƙusa. Ni ina gefen Duna da ƙuli-ƙulin da na farfasa, da zarar ya ɗaga kunne sai in ce, "Duna, kalle ni," in ya juyo in ba shi. Kwana biyun farko ko kallona bai yi ba. A na uku ya juyo, na ji kamar in yi guɗa. Kowace rana muna matso da layin taku ɗaya, Hauwa tana mita wai ita tana azumi gwiwoyinta sun ƙare, kare yana cin daɗi a gabanta, alhali kowa ya san azuminta ba ya wuce azahar.

Gaggawa ce ta kusa kashe mu. Da na ga kwanaki suna tafiya, wata rana na matso da layin taku huɗu lokaci guda. Hauwa na durƙusawa Duna ya yi wani irin tsalle har igiyar ta dawo da shi baya, ita kuma ta faɗi da ihu. Dada tana kallo daga tabarmarta. Washegari muka koma bakin zaure, muka fara daga farko. Daga baya Mama ta shiga sahun masu durƙusawa, sai mai kawo mana nono, har Baba da kansa ya durƙusa a kan layin gawayi yana hararar gefe kada wani ɗalibinsa ya gan shi. Duk unguwa ana ɗokin ganin wata, ana kai ɗinki, ana daka, ni kaɗai nake addu'ar azumin ya cika talatin.

Ashirin da tara aka yi. Ranar Sallah tun da aka sauko daga idi gidan ya fara cika, na zauna gindin darbejiya da ƙuli-ƙuli cike da leda, hannuna ɗaya a wuyan Duna. Ina jin bugun zuciyarsa a tafina, ban san nawa da nasa wanne ya fi sauri ba. Mata suka durƙusa, maza suka durƙusa, yara suka zube a jere. Kowane lokaci kunnensa zai miƙe, in kira shi, ya juyo. Can wajen azahar ya daina jiran kira, da an durƙusa sai ya kalle ni da kansa.

Ana gab da la'asar wani ƙaramin jikan Dada da aka kawo daga GRA, cikin sabuwar shadda, ya ɓalle daga hannun uwarsa ya yi kiciɓis da kare. Tsoro ya kama shi, ya sunkuya. Duna ya gan shi sarai, sai ya juyo da fuskarsa wurina kamar yadda na koya masa. Wannan karon akwai dutse, yaron kuwa ya jefo. Ya same shi a saman ido, ya yi ƙara sau ɗaya, bai tashi ba. Jini yana bin gefen fuskarsa, shi kuwa hannuna yake kallo yana jiran ladansa. Na ba shi ina kuka.

Dada ta dafa bango ta miƙe, ta ɗauki butarta, ta tako har gindin bishiyar da ba ta taɓa zuwa ba, ta miƙo mini. "'Yar malam, wanke masa," in ji ta. Sannan ta juya wurin Baba ta ce, "Ya zauna."

Ya zauna da mu shekara shida bayan nan, amma idon bai sake gani ba. Yanzu Dada ta rasu, an raba gidan, inda darbejiyar take shago ne. A unguwar da nake zaune karnuka suna bayan dogayen katangu, akwai ma masu zuwa horar da su a biya su, kuma na ji ɗayansu yana bayyana wa maƙwabcina kusan abin da muka yi da gawayi da ƙuli-ƙuli. 'Ya'yana sun sha roƙona in samo musu kare, ina ta ce musu sai wani lokaci. Ina kewar gidan nan, da mitar Hauwa, da kan Duna a cinyata. Har yau in na durƙusa gaida babba sai na ɗan waiwaya gefe. Duna ya yarda da ni ne shi ya sa bai kauce wa dutsen ba.