Malam Mas'udu da Ludayin Gayya

Malam Mas'udu ɗan Hamidu, mai makarantar zaure a Gusau, ya rasu ranar Litinin, biyar ga Rabi'ul Awwal, 1337. Murar nan da ake kira marisuwa ce ta ɗauke shi. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ɗalibansa ne suka haƙa kabarin, don ba a samu wasu masu ƙarfin riƙe fartanya a unguwar ba.

Malam, cutar ta shigo lokacin da dawa ta nuna. Magidanta na kwance, gonaki na tsaye, tsuntsaye na ci. Kai ne ka naɗe buzunka, ka ce wa samarin da ke karatu a gabanka su ajiye littattafai su ɗauki wuƙaƙen yanka. Ka kira gayya ba ganga, don ka ce ba a kiɗa a garin da ake makoki. Gonar wanda ya fi jin jiki ita ake fara yi. A Mada kun ɗaure wa Inna Saude dammunanta kun zuba a rumbu, ita kuwa tana jinyar 'ya'yanta, ba ta ma san kun zo ba. A rugar Manu, da makiyaya suka faɗi, ɗalibanka suka kora shanu rafi.

Abu ɗaya ne muka saɓa a kai. Al'adar gayya, mai gona ya kawo fura a ƙwarya, ludayi ɗaya ya zagaya kowa. Wasunmu sun lura gidan da aka sha, can ake kwaso cutar. Jatau maƙeri ya tare ka a bakin masallaci ya ce, "Malam, ku yi aikin, ku bar furar nan. Ɗiyan mutane ne fa a hannunka."

Ka ce, "Jatau, in na yanke wa mutum dawa na ƙi furarsa, na ce masa gidansa ƙazanta ne. Ba zan iya ba."

Daga ranar ka hana samarin sha kafin kai. Kai ne na farko a kowace ƙwarya, kamar bakinka zai tace musu ita. Ban ce ludayin ne ba. Allah ne masani. Amma kai ka fara faɗuwa.

Kafin ka kwanta, ka tura manyan ɗalibanka Bungudu ƙarƙashin Sabiru, ɗan ƙanenka, inda dawa ke zubewa. Sun tafi da koyarwarka: ba a ƙin furar mai gona. Ba su san ka rasu ba. An aika musu Dogo mai jaki ya ce su dawo, kuma kada su sha komai a hanya. Iyayensu na zaune a zaurenka, suna karɓar gaisuwa suna duban ƙofa.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata makwancinka, ya sanya kowane dami da ka ɗaure wa mai rauni a mizaninka. Ya ba matarka Inna Hanatu da 'ya'yanka haƙurin rashi, ya ɗauke mana wannan annoba, ya tsare waɗanda ke kan hanya.

Wani fatake da ya kwana Bungudu ya ce ya ga dawa a yanke a zube a gonar da ɗalibanka ke aiki, ba kowa a wurin. Dogo bai dawo ba tukuna.