Ranar da Zenon Ya Cika wa Kwanar Farko Ruwa

Ɗan baffana Zenon bai taɓa juyawa dama ba a rayuwarsa sai da dole. Tankar ruwansa ce ta koya masa haka. Tun yana da gashi a kai yake zagaya filin tseren babur na garinmu, nan yammacin Poland, yana yayyafa wa tsakuwa ruwa kafin a saki babura, a wannan tseren da muke kira żużel kuwa hagu kawai ake bi. Ranar aurensa ma sai da ya zagaye cocin ta hagu kafin ya dace da ƙofa. Ruwan da ya zuba a filin nan, da a teku ya juye shi, da tuni mutanen Sweden sun koma kwana a kan rufin gidajensu.

Da tankar nan ya samo mata. Marigayiya Wiesia tana zaune a kwanar farko, inda 'yan gani-kashe-ni suke zama, ya zo wucewa ya jiƙa mata takalmin zuwa coci. Ta bi shi da zagi har aka tashi wasa. Lahadi ta gaba ta dawo ta ƙarasa wanda ta manta. Kafin a ankara sai ga yara uku.

Kowa a kwanar farko yana da guntun katakonsa. In babura huɗu suka shigo kwanar a karkace, tsakuwa takan watso kamar an harbo ta da bindiga, sai ka ɗaga katako ka kare fuska, ka sauke, ka ci gaba da ɓare 'ya'yan furen rana. Tun da Wiesia ta rasu, duk ranar wasa Zenon kan ajiye katakonta a wurin zamanta kafin ya hau tanka, don kada wani ya zauna. Ba wanda zai zauna ɗin ma. Kwanar ta zama furfura zalla da haƙoran roba, ƙaramin yaro a cikinsu shi ne mai raba wasiƙu da ya yi ritaya. 'Ya'yan Zenon biyu suna Ingila, ta ukun kuma ta ce ƙarar babur tana sa mata ciwon kai. Saura mutum ɗaya da zai gaji bencin, jikarsa Jagoda, 'yar sakandare, wadda aka haifa da waya a hannu.

"Jagoda, ranar Lahadi za mu kara da mutanen ƙetaren kogi."

"Allah ya ba mai rabo sa'a, Kaka." Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ke, baburan nan ba su da birki fa!"

"To a kai su wajen makanike mana."

Ana haka sai shugaban kulob, Bogusław, ya tara ma'aikata ya ce ya gaji da kallon bencuna babu kowa. Zai gayyato 'yan sakandare kyauta, ya zaunar da su a kwanar farko. In sun dawo, to. In ba su dawo ba, zai rufe kwanar ya kafa allunan talla a wurin. Zenon ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Allon tallan maganin basur a kan wurin zaman Wiesia!

Ranar gayyatar ta zo da rana mai zafi, filin ya bushe ƙamas. Ajin su Jagoda suka shigo a bayan malamarsu kamar masu zuwa jana'iza. Daga kan tanka Zenon ya hango jikarsa, fari fat daga riga har takalmi, irin farin da sai ka kanne ido. In ƙura ta taɓa wannan takalmin, ya san ko da igiya aka ɗaure ta ba za ta sake tako filin ba.

Sai ya buɗe famfo a kwanar farko ya rage gudu. Ya zagayo, ya duba, ya ga kamar har yanzu da sauran ƙura, ya ƙara. Ya sake zagayowa, ya tuna fuskar Jagoda in ta ɓata rai, ya ƙara.

Abokinsa mai tarakta ya daka masa tsawa. "Zenon! Kifin Kirsimeti za ka kiwata a nan?"

"Kai dai ja taraktarka. Ina da baƙi."

Abin da duk dattawan kwanar suka manta shi ne, ba wanda ya gaya wa yaran zancen katako. Mu da muka tashi a nan, ai ba a gaya mana, hannu ne kawai ke ɗagawa da kansa. Aka ɗage igiyar farawa, babura suka taso, tsofaffi suka ɗaga katakai, yara kuwa suka ɗaga wayoyi.

Ba tsakuwa ce ta zo ba. Laka ce, ja-ja, mai kauri kamar miyar wake, ta taso ta rufe rana, har tsuntsaye suka koma sheƙa. Da ta sauka, ba ka bambance ɗalibi da benci. Malamar ta cire tabarau, sai ga ido biyu kawai a tsakiyar taɓo. Mahaya biyu suka zame suka zauna daɓas, suka tashi lafiya ƙalau suna neman wanda za su zaga. Alƙalin wasa ya tsayar da tseren. Sai wani yaro ya ƙyalƙyale da dariya, duk ajin ya ɗauka.

Jagoda ba ta yi dariya ba. Ta dubi takalminta, ta dubi kakanta a kan tanka, ta juya. A mota, uwarta da ta zo ɗaukarta ce ta yi maganar mutum uku.

Aka dakatar da Zenon daga tanka na ɗan lokaci, kuma ya cancanta, don laka a kwana tana iya karya mutum. Na je yi masa jaje, na tambaye shi ko kifin sun fara girma. Ya jefe ni da silifa. Bai damu da tankar ba. "Da hannuna na kafa allon nan," ya ce. "Wiesia za ta tashi ta shaƙe ni."

Wasan gida na gaba ya tafi don ya ɗauke katakon Wiesia tun kafin masu allo su jefar da shi. Shekara da shekaru yana aiki a filin, amma bai san ƙofar 'yan kallo ba, sai da ya tambaya. Ya hau matakala yana haki, ya ɗaga kai, ya tsaya.

Kwanar farko ta cika da yara, kowanne sanye da farar riga. Hoton ajin su Jagoda cikin laka ya zagaye makarantun gari, waɗanda ba su samu ba sun zo karɓar rabonsu. Bogusław yana gefe yana washe baki kamar shi ya ƙirƙiro laka. A wurin Wiesia kuwa, ga Jagoda, da tsohon takalmin da ya koma ruwan ƙasa.

"Kaka, kai ne a ƙasa? Ashe kana da ƙafafu."

"Matsa min, marar kunya."

Sai dai wanda ya karɓi tankar ya yi aikinsa daidai, ba ƙari ba ragi. Da babura suka shigo, tsakuwa ce ta watso, busasshiya mai zafi kamar cizon zuma. "Ina lakar?" in ji yaran. Kafin a yi nisa wasu sun zame sun tafi shan askirim. Zenon yana kallon bayansu, zuciyarsa tana bin su ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙa wa Jagoda katakon, yana jiran ta miƙe ita ma.

Ta karɓa. Ta ɗaga shi a makare, tsakuwa ta same ta a goshi. Karo na gaba ta ɗaga a kan lokaci. Can wani mahayinmu ya buɗe kwana da yawa, na ƙetaren kogi ya kutsa ta ciki ya wuce shi. Sai ga Jagoda tsaye a kan benci.

"Kai mai jar hula! Rufe ciki mana! Ƙofar gidanku ce da za ka bar ta a buɗe? Kakata a kabari ta fi ka sauri!"

Mai raba wasiƙu ya juyo a firgice, har haƙoransa suka zame. Ya ce wa Zenon, "Na rantse na san muryar nan."

An ci mu a ranar, ci mai kyau. Rabin yaran ba su sake dawowa ba, amma rabin da ya rage ya isa Bogusław ya kai allunansa wani bango. Da aka tashi, Zenon ya miƙa hannu zai karɓi katakon, Jagoda ta saƙale shi a hammata.

"Bar min shi, Kaka. Kai ai tanka za ka koma. Kuma in ka zo kwanarmu, ka ɗan rage gudu."