Hoton Daddawata a Wayar Wata

Daddawar kalwa nake yi. Ita na buɗe ido na tarar ana yi a gidanmu a Yasore, kuma da ita aure ya kawo ni Batsari. Aiki ne mai tsari, ba a tsallake wani a kama wani. Da farko a dafa kalwa har ta yi laushi. A surfa ta a turmi, a wanke a fitar da ɓawo, a sake dafawa, sannan a juye a kwando a lulluɓe da buhuna a bar ta ta nuna. Bayan nan sai shanya, sai kirɓi, sai a mulmula a fyaɗa. Abin da nake yi a ƙarshe shi ne in ja layi biyu da bakin kara a kan kowace ɗaya. Haka mahaifiyata take yi, don in kaya sun haɗu a kasuwa kowa ya gane nasa.

Babbar mai sayen daddawata wata dattijuwa ce mai tuwo a bakin tashar Safana. Tun ina goyon ɗana na fari take saye a wurina, kuma kusan rabin abin da na yi ita ke ɗauka. Yaya nake ce mata, ita kuma ta ce mani 'yar Batsari. Ba ma yawan haɗuwa. In daddawa ta bushe sai in ɗaure a kwali in ba wani direba ya kai mata. Da hanya ta zama abin da ta zama a shekarun nan, motoci suka ragu, wani lokaci kaya su kwana a tasha kafin a samu mai tafiya. Duk da haka ba ta juya mani baya ba. Cinikinta ne ke riƙe da sana'ar, saura duk na tsinta-tsinta ne a unguwa.

Matar ɗana ce ta kawo maganar waya. Ta yi sakandare, tana sayar da hijabai da turaren wuta daga ɗakinta, kuma ba na musun tana samun ciniki. Wata rana ina fyaɗa daddawa ta zo ta tsaya a kaina.

"Inna, yanzu fa ba a zama a jira mai saye. Hoto ake ɗauka a ɗora a waya, mutane su gani su kira."

"Daddawa ai da hanci ake sayenta. Wayar tana kai wari?"

"Ba ta kaiwa. Shi ya sa ma za a saya," ta ce, tana dariya.

Na ƙi. Ta sake kawo maganar, ɗana ya sa baki, ya sayo mani waya mai shafawa. Na yarda, ba don na gamsu ba.

Abu na farko da ya ɓata mani rai shi ne ɗaukar hoton. Na jera daddawa a faifaina kamar yadda nake yi kullum. Ta ɗauka, ta duba, ta ce ta yi baƙi da yawa. Na ce daddawa ce. Ta shiga ɗaki ta ɗauko man gyaɗa ta shafe su ɗaya bayan ɗaya don su yi ƙyalli, ta ja faifan zuwa gindin bangon da aka yi wa fenti, ta ture turmi gefe don kada ya fito. Sannan ta yi ta shafa fuskar wayar har daddawar ta koma ja-ja kamar alewa. Na wannan faifan ban sayar da ko ɗaya ba. A gida muka cinye, don ba na ba mutane abin da aka shafa wa mai da yatsa.

Abu na biyu shi ne zauren. Ta sa lambata a wani zaure na waya, guruf suke ce masa, na mata masu sana'ar gida daga Batsari da Safana. Suna da wata al'ada da suke kira taya talla. Kamar biki take: in wata ta ɗora kayanki a wayarta jama'arta suka gani, ke ma dole ki ɗora nata, in ba ki yi ba a ce baƙin ciki kike yi. Da a nan abin ya tsaya da ban damu ba. Amma ba a ɗorawa haka kawai, sai an rubuta yabo a ƙasa. Mace ba ta taɓa ganin abu ba, ba ta taɓa riƙe shi ba, za ta rubuta wallahi ta gwada ya yi mata. Iyakata aji shida a firamare, karatuna a hankali ne, amma ina gane rantsuwa in na gan ta. Da safe kafin in gama lazimi wayar ta cika da man da ke mayar da baƙar mace fara, da garin da ke sa ƙiba, da wasu haɗe-haɗe na mata masu sunayen da ba zan iya maimaitawa ba.

Matar ɗana ke riƙe mani wayar yawancin lokaci, ita ke biyan bikin da sunana. Ban san iyakar abin ba sai da matar liman ta tare ni a wurin wani suna. Ta dubi hannuna, ta dubi fuskata, ta ce, "To ke mi ya sa man bai kama ki ba?" Ranar na hana a yi rantsuwa da sunana, na hana tallar mai. Na ce abinci kawai za a taya.

Na ukun shi ne wanda ya taɓa sana'ar. Wata matar aure a Safana ta ɗora hoton faifaina a wayarta. Matar ɗana ta kawo mani tana murna, ta ce har Safana an taya ni. Na ji daɗi. Na karɓi wayar na yi wa matar saƙon murya, na gode mata, na sa mata albarka, na ce Allah Ya buɗa mata kamar yadda ta buɗa mani. Akwai lambar waya a ƙasan hoton. Ban duba ba, matar ɗana ma ba ta duba ba. A zauren nan ba mai karanta na wani, turawa kawai ake yi a sauke nauyi.

Daga nan sai saƙon Yaya ya ɗauke. Da ma ita ke aiko direba ya ce mani a shirya kaya. Kasuwa ta ci, shiru. Ta sake ci, shiru. Na tare direban a tasha na tambaye shi ko lafiya take. Ya ce lafiya lau, jiya ma a wurinta ya ci tuwo. Na ɗaure kwali na ba shi. Da yamma ya dawo mani da shi yadda na ɗaure, ya ce ta ce a gaya mani ta gode, tana da saura.

Na san yawan miyar da take kaɗawa, na san ba ta da saura. Washegari na nemi izinin maigida, na ƙulle daddawa a ƙyalle na shiga motar Safana.

Na same ta tana tuƙi a bayan rumfa. Muka gaisa yadda ya kamata, gida da yara da jikoki da hanya, amma ba ta ce mani 'yar Batsari ba, kuma ba ta kalle ni ba sai da ta ajiye muciya.

"Yaya, laifin mi na yi aka mayar mani da kaya?"

"Ba laifi. Ni dai abin da ya ba ni haushi, da za ki fara haɗi, da kin gaya mani da bakinki. Ni da ke mun wuce haka."

"Wane haɗi?"

Ta sa hannu a wata roba ta ɗauko daddawa ta miƙo mani. Girmanta irin na tawa, ga layi biyu a kai. Na ɓalla na kai hanci. Waken suya ne da 'yar kalwa kaɗan, ga kanwa ta yi yawa, cikin bai gama bushewa ba yana danƙo. Ban ce daddawar waken suya haramun ce ba. Akwai masu yin ta, su faɗi sunanta su sayar. Wannan kuwa an yi mata kama da tawa ne.

"Wannan ba hannuna ba ne."

"Ga layinki."

"Na ga layin. Wa ya kawo maki?"

Ta ce jikarta ce ta nuna mata hoto a waya. Ta gane faifan, ta gane layin. Suka kira lambar da ke ƙasa, wata ta ɗauka ta ce ita ke riƙe da kayana a Safana yanzu, saboda wahalar hanya. Tun daga nan take kawo mata har rumfa, kuma da sauƙi. Na ce ta kwatanta mani gidan, ta kwatanta.

Na yi sallama na shiga. Abin da na fara gani tabarmar shanya ce shimfiɗe a bakin kwatar da ruwan wanke-wanke ke bi. Ƙudaje sun rufe ta, kaji na hawa suna sauka, ga wandon yaro a igiya yana ɗiga a gefenta. A can kusurwa ɗaya kuma an share tas, an rataya farin labule, an ajiye fulawar roba a kan ɗan tebur. Nan ne wurin ɗaukar hoto.

Matar gidan ba ta wuce sa'ar matar ɗana ba. Ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi, wannan ba zan hana ta ba. Da na faɗi ko ni wace ce sai fuskarta ta washe.

"Mama, ashe ke ce mai faifan. Sannu da zuwa. Hoton nan naki akwai farin jini."

"Hoton nawa ne, lambar da ke ƙasa taki ce."

"Eh, ai haka ake yi. In an kira ni ina da kaya sai in bayar. Da ba ni da su ai ke zan tura wa."

"Kin taɓa turo mani ko mutum ɗaya?"

"Ai ban taɓa rasa kaya ba, Mama."

"Kin ce wa mai tuwo ke ke riƙe da kayana."

"Cewa na yi tare muke. Ba zaure ɗaya muke ba? Ke ma ai kin san da maganar."

Ta ɗauko wayarta ta lalubo wani abu ta kunna. Muryata ce ta cika tsakar gidan, ina gode mata, ina roƙa mata buɗi. Ta bar shi har ƙarshe, tana cewa amin a duk inda ya dace.

"To layin fa?" na ce.

"Mutane in ba su ga abin da ke hoton ba sai su yi ta ƙorafi. Shi ya sa nake ja." Ta gyara zama. "Mama, mi zai hana ki riƙa ba ni sari? In haɗa da tawa ta ƙara auki, ke kuma kin huta da direba."

Tana wannan maganar wata kaza ta shiga tsakiyar tabarmar ta yi abin da kaji ke yi. Ta kore ta da ƙafa, ta ɗauki daddawar da abin ya taɓa, ta goge da gefen zaninta ta mayar cikin 'yan'uwanta. Sannan da wannan hannun ta ɗebo mani ruwa. Ban sha ba. Na ce ta cire hotona. Ta ce to, amma fa ya riga ya shiga wayoyi da yawa, ita ma wasu sun ɗauka daga wurinta kuma ba su ko gaya mata ba.

Na koma rumfar Yaya na gaya mata duk abin da na gani, a jere, ban rage ba ban ƙara ba, har da kazar. Na kwance ƙullina na ba ta. Ta ɓalla ta shinshina, ta lumshe ido.

"'Yar Batsari, na zalunce ki a zuciyata. Ki yafe mani."

"Na yafe. Yaushe zan aiko da kaya?"

Ta sunkuya tana gyara itace, ta daɗe tana gyarawa.

"Bar mani wannan ƙullin, na tukunyar gida. Maigidana ba ya son waccan."

"Na rumfa fa?"

"Kin ga waɗancan?" Ta nuna bencin da direbobi da 'yan kamasho ke cin tuwo. "Tun da na canza ba wanda ya ɗaga kai. In na jefa sinadarin dunƙule a miya shi ke nan. Hatsi ya yi tsada, itace ya yi tsada, in na ƙara kuɗin malmala su koma wurin mai shinkafa. Ita kuma yarinyar nan in na kira ta, kafin ruwa ya tafasa ta iso."

"Yaya, na gaya maki abin da kaza ta yi."

"Na ji. Ai tafasawa ake yi."

Ta ɗauko kwano ta zuba mani tuwo, ta kai ludayi cikin miya. Na ce ta bar shi. A kan bencin wani ɗan kamasho yana suɗe kwano da yatsa, yana cewa a ƙara masa miya. Muka yi sallama, ta ce in gaida gida, na ce za su ji.

Da na dawo Batsari na miƙa wa matar ɗana wayar na ce ta fitar da ni daga zauren. Ta ce da an sake ɗaukar wani hoton a rubuta sunan gidan a jiki, yadda ba mai iya ɗauka. Na ce ta fitar da ni. Ta fitar.

Yaya takan aiko jefi-jefi a ba ta ta gida, abin da ba ya cika tafi biyu, direban ma a aljihun riga yake sa shi. Da lokacin dafa kalwa ya zagayo na kife babbar tukunya a bayan ɗaki, na ɗora ƙaramar.