Ranar da Inna Ta Kife Kaskonta

Ina cikin aji bayan azahar ƙanina ya kira ni. Bai iya cewa komai ba sai, "Yaya, sai haƙuri." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mahaifiyarmu Hajiya Falmata, wadda duk unguwar Sheshe ke kira Inna Mai Turare, ta amsa kiran Mahaliccinta bayan doguwar jinyar ƙirji.

Inna 'yar asalin Barno ce, turaren wuta ne sana'arta, shi ne kuma alfaharinta. Amaren unguwar Zaitawa har zuwa Ƙofar Na'isa da ƙamshinta suka tare. Tun tana budurwa take fama da fuka, kamar mahaifiyarta, amma a gidanmu "sanyi" ake ce wa ciwon. Maganin sanyi kuwa a wurinmu hayaƙi ne. Da ƙirji ya fara kuka sai a zuba turare a garwashi, a lulluɓe mutum da zane ya shaƙa.

Haka ta yi wa ɗana Sadiku yana ƙarami, cikin tsananin ƙauna. Kafin ta yaye zanen numfashinsa ya sarƙe. A asibiti likita ya tambaya ko akwai mai irin wannan a dangi. Inna ta ambaci kanta, da uwarta, da kawunta. Likitan ya ce raunin huhu irin wannan yakan bi jini. Ba kowa yake kamawa ba, amma wanda ya ɗauko shi, hayaƙi ne babban abokin gabarsa.

Na zaci za ta yi musu, domin Inna, Allah Ya jiƙanta, ba ta da saurin sallamawa. Amma da muka iso gida, ɗakinta ta nufa kai tsaye. Ta ɗauki kaskon da ta gada, ta zubar da tokar, ta kife shi a ƙarƙashin gado. Ta ce, "Abu biyu uwata ta bar mini, turare da ƙirjin nan. Ƙirjin ba ni na zaɓa wa yaron ba, amma hayaƙin a hannuna yake."

Mata suka yi ta surutu, wai ina aka taɓa ganin ɗakin Babarbariya babu ƙamshi. Sai ta nuna Sadiku da baki, irin wasan kaka da jika, ta ce, "Maigidana ne ya hana." Kullum kafin ya tafi makaranta sai ta laluba aljihunsa ta tabbatar maganin shaƙarsa na ciki, alhali ita nata numfashin da ƙyar yake fita. Ina ƙaunar matar nan, kuma na yi rashi babba.

A jinyarta ta ƙarshe ta kamo hannuna ta ce, "Kada kowa ya kunna turare a zaman makokina. Maigidana zai zauna a wurin." Mun cika mata wannan wasiyya.

Allah Ya gafarta mata, Ya yalwata kabarinta, Ya shaƙar da ita ƙamshin Aljanna. Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya kuma sauƙaƙa wa Sadiku numfashinsa, shi da duk wanda zai ɗauko ƙirjin gidanmu. Amin.