Garin da Aka Ce In Goge

Abubuwa da yawa na shekarun nan na wahala sun fita daga raina, wasu ma da gangan na kore su. Amma ranar da aka ce in goge gari sukutum daga cikin kwamfuta, wannan kam ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina.

Lokacin ina aiki da wata ƙaramar ƙungiyar agaji a Batsari, masu kai magani ƙauyukan da ke tsakaninmu da Safana. Asalina malamar lissafi ce, amma na taɓa yin kwas ɗin kwamfuta a Katsina, shi ya sa aka ba ni riƙon bayanan marasa lafiya. Duk wanda ya zauna a yankin ya san halin da ake ciki. Ɓarayin daji sun hana noma, tiyar masara ta gagari talaka, ga shi an rufe layukan waya, ko rasuwa aka yi sai dai a tura mutum a kan babur ya faɗa.

Bayananmu suna cikin wata manhaja da ake kira Postgres. Rumbun ajiye bayanai ce da ake ba kowa kyauta, kuma cikinta a buɗe yake, duk mai ilimin abin yana iya leƙawa ya ga yadda aka ƙera ta. Da hannuna na girka ta. Na yi tebur, wato jadawali, guda na garuruwa, guda na mutane, guda na maganin da kowa ya karɓa. Kowane mutum a ɗaure yake da garinsa, kowane magani a ɗaure da mai shi, kamar akuya da turkenta.

Cikin masu zuwa karɓar magani akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Iya. Ungozoma ce a wani ƙauye can gaba da Zakka, a bakin daji, kuma rabin mutanen garin a hannunta suka faɗo duniya. Da ɓarayi suka matsa, garin ya watse, ita da jikokinta suka samu wani shagon da ba a gama gini ba a Batsari suka raɓe. Hawan jini ke damunta. Duk ranar kasuwa sai ta zo ta zauna a bencin ƙofar ofis, ta leƙo ta taga ta ce, "Matar na'ura, kun tashi lafiya ke da maigidan naki?" Wai kwamfutar ce mijina, tunda kullum ina gabanta. Ni kuma in ce, "Lafiya lau Iya, ya ce a gaishe ki, amma ki rage gishiri."

Akwai wani hali na mutanenmu da na ƙauna ƙwarai. Mutum ya yi damina biyu a shagon wani, amma in ka ce masa daga ina, sunan ƙauyensu zai faɗa maka, ba ya ko tsayawa tunani. Ni kuwa abin da mutum ya faɗa shi nake rubutawa. Don haka Iya da duk mutanen garinsu suna ƙarƙashin sunan garinsu a cikin kwamfuta, ko da yake yawancinsu a Batsari suke kwana.

Shugaban ofishinmu wani dattijo ne da muke kira Alhaji. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutumin kirki ne, sai dai ya gaji. An taɓa tare motarmu a hanya aka tafi da direba, da ƙyar aka samo shi, tun daga nan Alhaji ya zama mai tsoron duk abin da zai jawo magana. To sai masu ba mu tallafi suka aiko cewa a cire duk garin da mota ba ta zuwa, don ba su son a riƙa nuna musu garuruwan da babu kowa.

Ran nan na shigo da hantsi na tarar da shi zaune a kujerata, ya tura hula ƙeya, yana ta ƙwanƙwasar maɓalli da yatsa ɗaya.

"Malama, zo ki ga abin naki ya lalace," in ji shi. "Dama na faɗa miki araha ba ta ado. Da mun sayi ta kuɗi, da yanzu akwai wanda za mu kira."

Na ce, "Ranka ya daɗe, da wane layin za mu kira shi?"

Bai yi dariya ba. Na duba allon, na ga ya yi ƙoƙarin goge garin su Iya daga teburin garuruwa, manhajar ta ƙi, ta rubuto masa dogon Turanci. Shi Alhaji da ya ga rubutu ya fito, shi ke nan an samu matsala. Ni kuwa na saba, in ta yi magana nakan tsaya in karanta har ƙarshe. Abin da ta ce a fili yake: ba za ta goge garin nan ba, domin akwai mutanen da ke ɗaure da shi.

Na ce, "Alhaji, lafiyarta ƙalau. Cewa ta yi garin da mutane a cikinsa."

"Wane mutane? Garin da ko kaza babu?"

Na nuna masa taga. Iya na zaune a benci tana ɓare gyaɗa, ga mata huɗu ko biyar na garinsu a gefenta.

Sai ya ce wani masani a Katsina ya gaya masa akwai yadda ake kwance ɗaurin, a umarci manhajar in gari ya tafi ya tafi da duk abin da ke rataye da shi. Gaskiya ne, akwai. Na san shi sarai, aikin minti kaɗan ne. Amma jin haka sai da jinina ya tafasa. Na ce masa ya bari in nuna masa abin da yake nema da idonsa.

Na fara kwafe komai a filas, ɗan abin ajiye bayanai da ake soka wa kwamfuta, na jefa cikin jakata, don ba a wasa da bayanan mutane ba tare da ajiya ba. Sannan na buɗe abin da ake yi na gwaji: kana iya yin aiki a cikinta ka ga sakamakonsa, amma ba ya zama sai ka tabbatar mata, in ba ka so ka ce ta koma yadda take. Na kwance ɗaurin, na goge garin. Wannan karon ba ta yi musu ba. Na ce, "Alhaji, rubuta sunan Iya ka nemo ta."

Ya rubuta. Allo ya fito fayau, babu komai. Babu Iya, babu awon jininta na tsawon lokacin nan, babu rigakafin jikokinta. Ga ta can muna jin tarinta ta taga, amma a wurinmu ba a taɓa haihuwarta ba.

Ina shirin cewa ta koma yadda take ke nan, sai batirin sola ya yi ƙara, ɗif, kwamfuta ta mutu.

Innalillahi! Alhaji ya miƙe tsaye yana salati. Ni kaina na tsorata, ba zan ɓoye ba, duk da kwafin da ke jakata. Na san a karatu cewa aikin da ba a tabbatar ba ba ya zama, amma sanin karatu daban, ganin allo ya yi baƙi da sunayen mutane a ciki daban. Aka samo ɗan fetur a kwalba aka tayar da janareta. Kwamfuta ta tashi, manhajar ta ƙi tashi. Na sake gwadawa, ta ƙi.

Babu layi balle in tambayi duniya. Amma wannan manhajar da Alhaji ya raina tana rubuta duk abin da ya same ta a wani fayil, kuma littafin bayaninta gaba ɗaya yana cikin kwamfutar tun ranar da na girka ta. Na buɗe fayil ɗin na bi shi a hankali. Ashe duk lokacin da take aiki takan ajiye wata 'yar alama mai cewa ina ciki, kada wani ya shigo. Da wuta ta ɗauke ba ta samu ta cire alamar ba, yanzu ta dawo ta ga alamarta ta ɗauka wani ne a ciki. Na duba na tabbatar babu wata da ke aiki, na cire alamar, na ce bismillah.

Ta tashi. Ta ɗan yi jim tana gyara kanta. Na rubuta sunan Iya, sai ga ta, ita da awon jininta da jikokinta da garinta, ba abin da ya taɓu.

Na zaci magana ta ƙare. Ina! Alhaji ya share fuska ya ce, "To na ji, ba za a goge mutane ba. Ki mayar da su duka mutanen Batsari, tunda nan suke kwana, sai ki goge garin. Kowa ya samu maganinsa, masu tallafi su samu abin da suke so."

Maganarsa da hankali a ciki, kuma hanya ce mai sauƙi. Amma raina bai kwanta da ita ba. Na ce bari in tambayi masu garin. Na fita na durƙusa gaban Iya na yi mata bayani yadda za ta gane.

Ta daina ɓare gyaɗar. "Mi kika ce, ɗiyata? A rubuta ni mutuniyar Batsari?"

"Don maganinki ya ci gaba, Iya."

"Su ɓarayin sun ƙone rumbuna, sun kore shanu, amma ba su ce garin bai taɓa zama ba. Ku ne za ku ce? Cibiyata can take. Mijina can yake kwance. In sai an sake mini gari za a ba ni ƙwayar, ku riƙe abinku, Allah na nan."

Ta tattara gyaɗarta a bakin zane za ta tashi. Na riƙe hannunta na ce ta zauna, ba inda za ta.

Na koma ciki raina a ɓace. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zan goge ba. Ba yau ba, ba gobe ba."

"Malama, ni kike gaya wa haka?"

"Kai nake gaya wa, kuma da girmanka nake faɗa. In ka ga dama ka kawo masanin Katsina ya goge, ga kujera. Amma ba da yatsun nan ba."

Ya ce in masu tallafi suka ga sunan garin za su ce muna cusa garuruwan bogi, su janye gaba ɗaya, kowa ya rasa. Na ce to a gaya musu gaskiya mana. Laifin ba na Iya ba ne, na tsarina ne da ya ba mutum gari ɗaya tak, alhali zamanin ya raba mutum tsakanin gari biyu. A gabansa na ƙara gurbi a teburin mutane. Na farko ya zama garin asali, sabon ya zama inda mutum yake zaune yanzu. A teburin garuruwa kuma na sa wurin nuna ko mota na zuwa ko ba ta zuwa. Da na haɗa teburan na tambayi manhajar, sai ta jero mutanen garin su Iya, kowa da unguwar da yake a Batsari, wasu a Safana, duk inda ƙafa ma za ta kai balle mota.

Alhaji ya bi jerin sunayen da ido. Ya ce, "In suka dawo da rahoton, ke za ki je ki amsa."

Na ce, "Da gudu."

Suka kuwa dawo da shi. Na hau bas zuwa Katsina a kan hanyar nan da kowa ke shiga da addu'a a baki, na zauna gabansu na yi bayani har muryata ta dushe. Ba wanda ya yi mini tafi. Sun karɓa dai suna gunaguni, Alhaji kuma ya daɗe yana amsa gaisuwata a taƙaice. Ko a jikina. Garin ya zauna a teburinsa, Iya ta ci gaba da karɓar maganinta da sunan garinta.

Iya ba ta koma gida ba. A shagon nan Allah ya karɓi abinsa, wata damina da ruwa ke zuba ta rufin. Ni na shigar da rasuwarta, ina yi ina kuka kamar uwata ce, kuma na daɗe ina jin haushin duniya.

Bayan an samu ɗan sauƙi, wasu daga cikin mutanen garin suka yi ƙundunbala suka koma, suka gyara abin da zai gyaru. Wata ranar kasuwa sai ga matar jikan Iya ta shigo da jaririya a goye, ta zo rigakafi. Mace ce, an mayar mata da sunan tsohuwar. Na buɗe sabon layi na yi tambayar da na saba.

"Garin asali?"

Ta faɗi sunan garinsu. Ban sha wahalar nema ba, yana nan inda na bar shi.

"Ina kuke zaune yanzu?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta, ta sake faɗin sunan garin. Tun da na ƙara gurbin nan ban taɓa rubuta sunan garin a wuri biyu a layi ɗaya ba sai ranar. Na cire tabarau na kifa kai a kan tebur, yarinyar tana ta tambayata ko lafiya.

Abin da na koya shi ne, in na'ura ta ƙi yin abin da ka ce, karanta dalilinta kafin ka zage ta, wani lokacin ta fi ka tuna abin da ka ɗaure da hannunka. Sannan gari ba ya mutuwa don an ƙone shi, sai ranar da masu riƙe da sunansa suka yarda a goge. Ɓarayi sun yi iyakar nasu da wuta. Saura aikin yatsa ɗaya ne, ya zo gabana, na ƙi.