Gurbin da Masu Kaya Ba Sa Gani

Tun yana saurayi tsohon tela yake zaune bakin taga ɗaya, keken ɗinki a gabansa, tef ɗin awo a wuyansa. Da idonsa ya daina ganin kafar allura, sai Auta, 'yarsa, ta karɓi ragamar shago. Bai yi gardama ba. Kullum yakan zo ya zauna, yana sauraren ƙarar kekunan da ba shi ke taka su ba, yana jiran ranar da za a ce masa cikin ladabi ya huta a gida.

Wata safiya Auta ta ajiye masa kwamfuta a kan teburin yanka. Ta ce manhaja take haɗawa, wadda mutum zai shigar da awonsa daga gida. Ba ta san yaren masu rubuta manhaja ba. Akwatuna kawai take jawowa da yatsa tana jerawa.

"Gwaji ne, Baba, kamar yadda kake kama riga da zare sama-sama kafin ɗinkin gaske. Duba min inda ta yi ɗamewa."

Zuciyarsa ta yi nauyi, domin awo ne kaɗai aikin da ya rage masa. Duk da haka ya gyara tabarau, ya bi layukan a hankali: wuya, kafaɗa, ƙugu.

"Ke nan kowa shi zai faɗi ƙugunsa da bakinsa?"

"Shi ne sauƙin, Baba."

Dariya ta kuɓuce masa. "Uwata, akwai wani hedimasta mai ritaya, har gobe ƙugun ranar aurensa yake faɗa mini. Nakan ce to, in ƙara yatsa huɗu, in yi shiru. Ya sa wando ya tafi yana yabon cikinsa. In kika ɗinka abin da suka rubuta, ba mai iya sunkuyawa a garin nan."

Auta ta juyo da kwamfutar gabanta. Sannan ta jawo sabon akwati, ta saka shi ƙarƙashin ƙugu, ta kulle shi yadda mai kaya ba zai gani ba. Kafin shayinsa ya huce ta gama. Ta rubuta wa akwatin suna: Idon Baba.

"Idon da ya mutu?" in ji shi.

"Allura ce ba ya gani, ba mutane ba. Ba za a sa wa yadi almakashi ba sai ka cike wannan gurbi."

Ya daɗe yana kallon kalmomin. Sannan ya gyara zama.

"To, a sake mini kujera. Wannan ta 'yan zaman jira ce. Kuma ki ƙara wani akwatin a kafaɗa; akwai wani direba da nake wa ɗinki, tasa ta dama ta fi ta hagu sauka, shi ma bai sani ba."